Ranar da Aka Karanta Littafinka a Shagon Ubanka

Ƙulun ƙulufit, Me-ya-sa. Kafin gaisuwa, ga abin da za ka riƙa taunawa kana karatu. Wane kaya ne mutum ya ɗauko daga ƙasar nesa, ba a ɗora shi a kan sikeli ba, masu binciken jaka ba su gan shi ba, ya kawo shi gida ya ajiye bai kwance ba, uwarsa ta roƙa ya hana, matarsa ta roƙa ya hana, ya ce na mutum ɗaya ne. Aka zo aka sace shi da rana tsaka a gaban jama'a, amma da aka duba yana nan inda yake, ko ƙullin ba a taɓa ba? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka. In ka kasa sai ka ba ni gari, amma ban da wannan naku mai sanyi, ƙafafuna ba za su ɗauka ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga jikana, angona da ya gudu ya bar ni ba cefane. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da yarinyar da ta ƙwace mini kai da 'yar ƙaramarku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane, ya sa ku gama da duniya lafiya. Mu ma nan muna nan yadda ka bar mu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gwiwar uwarka ta tashi, tana hawa matakala tana hutawa kamar mai ɗauke da buhu. Ƙanwarka ta sauka lafiya, namiji, kunnuwansa irin naka sak, na ce Allah ya sa ya fi ka amfani da su. Ni kuma an sake mini tabarau, yanzu ina ganin ƙurar da ke bayan kabad, na kuma gane cewa da can zaman lafiya nake yi. Da hannuna nake wannan rubutu, da ɗan abin da na tsinta a ajin manya. In ka ga layi ya karkace ya gangara, ka bi shi a haka, mai shi ma ta karkace.

Littafinka ya iso. Guda biyu ka aiko, ɗaya na ubanka ɗaya nawa, kowanne a naɗe cikin leda. Ubanka sai da ya wanke hannu da sabulu ya goge a tawul kafin ya karɓa. Ya juya bayan littafin ya ga hotonka, ka tallabe haɓa kana kallon gefe kamar ana kiranka ba ka son amsawa. Na ce masa yaron nan ciwon haƙori yake yi, ya ce a'a, haka masu ilmi suke zama. Ka san yaren mutanen can da ka yi rubutun da shi, ubanka yana jin sa a baki tun zaman da ya yi a wurinsu, amma bai taɓa iya karanta shi ba, in ban da abin da ke rubuce a jikin ƙofa da motar haya. Ni kuwa ko kusa. Ya riƙe littafin ɗansa a hannu, ba ya iya shiga ciki, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba.

Bari in tuna maka abin da ka sani. Kana rarrafe ubanka ya tafi ƙasar nan da kake ciki yanzu, ka shiga makaranta sannan ya dawo. Da jaka ɗaya ya dawo da kwat mai nauyi a kafaɗa. Ya rataye kwat ɗin a bayan ƙofar ɗakinsa, ya koma shagonsa na kafinta, ya ɗauki zarto kamar jiya ya ajiye. Bai ce ya samu ba, bai ce ya rasa ba. Na tambaye shi, ya ce ba yanzu ba, Inna. Uwarka ta tambaya har ta gaji ta daina. Kowa a gidan nan ya koyi zagaye wannan magana yadda ake zagaye rami a tsakar hanya. Kai kaɗai ne ba ka zagaye komai, shi ya sa na laƙaba maka Me-ya-sa: me ya sa kaza ba ta fitsari, me ya sa wata yake bin mu, me ya sa Kaka ba ta da miji. Amma ko kai, da ka zo kan kwat ɗin sai ka yi shiru.

To, ga wautar da muka tafka, mu da kanmu. Ubanka ya ce littafin ɗansa ba za a karanta shi a ɓoye cikin ɗaki ba. Ya ajiye aikin mutane ya ƙera masa ɗan akwati mai murfin gilashi da kwaɗo, ya goge shi har kana ganin fuskarka a jiki, ya kafa shi a bangon shago sama da inda yake rataye guduma. Ya tura teburin aiki gefe, ya share dusar katako, ya jera bencinan wata makaranta da ba a zo ɗauka ba tukuna. Ya gayyaci tela da matarsa, da mai walda, da mai kemis, da duk wanda ya taɓa ba ka alewa kana yaro. Malama, 'yar baffanka, ita za ta riƙa dubawa tana juya mana zuwa Hausa. Yarinyar nan ta roƙe shi ya bar ta ta je da shi gida ta fara karantawa, ya ce ina, ba wanda zai riga wani ɗanɗanawa, a gaban jama'a za a yage leda, kuma kullum aka tashi littattafan za su koma cikin akwati a kulle. Ni ma na ce haka ya dace, don ina da sabon mayafi da nake son a gani. Nawa littafin kuma aka miƙa wa mai kemis ya riƙa bi da ido, tun da ya daɗe yana cika mana baki cewa da ba don takardunsa sun maƙale ba da tuni shi ma yana can.

Bayan la'asar aka taru. Uwarka ta raba lemo, aka yi bismillah, Malama ta yage leda. Ta duba shafin farko, ta ɗago ta dube ni, ta sake duba takarda. Na ce ta faɗi mana, ko an rubuta cewa na fi ta kyau ne. Ashe mutuwa na yi. Da jana'izata ka buɗe littafi, wai ranar da aka binne kakarka ka san babu sauran igiyar da ta ɗaure ka da garinku. Sai matar tela ta tuntsire da dariya, kowa ya ɗauka. Mai walda ya taso ya durƙusa a gabana ya yi mini ta'aziyyar kaina, ya ce ashe haka Allah ya yi, sai haƙuri. Na ce na gode, amma ban gan shi a wurin sallar gawa ba, kuma na riƙe. Mutuwar ba ta dame ni ba, ka yi mini jana'iza mai kyau, har da yayyafi da mutane cike da titi, abin da ban tabbata zan samu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da ka ce kakarka tsohuwa ce mai shiru, mai haƙuri, wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Uwarka sai da lemo ya sarƙe ta. Angona, wannan baiwar Allah da ka binne ba ni ba ce. Ka bincika da kyau, danginta suna can suna nemanta.

Daga ranar abin ya zama na kullum. In rana ta yi sanyi sai a rufe rabin ƙofar shago a jera benci, mutane kuma suna ƙaruwa, har masu wucewa sukan tsaya a bakin ƙofa. Kuma zan faɗi gaskiya ko da raina a ɓace yake: ka iya. Mun ji ɗakinka na farko, wanda tagarsa ke kallon bango. Mun ji yadda ka wanke tukwane a bayan wani gidan cin abinci har fatar hannunka ta saɓule. Mun ji yadda suka gutsure sunanka suka bar maka rabi don bakinsu ya huta, da matar da ta janye jakarta ta ɗora a cinya da ka zauna kusa da ita a jirgin ƙasa, da ranar hutu da takan zo ta wuce ba wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Uwarka ta yi kuka a cikin mayafi. Tela ya ce shi ya fasa tura ɗansa.

Ni kuwa ubanka nake kallo. Da aka zo kan matar jirgin ƙasa, sai na ji ya ce haka ne, a hankali, kamar da ƙafafunsa yake magana. Washegari da aka karanta yadda rana take faɗuwa da wuri, ya ce ai kamar korar ta ake yi. Wata rana har ya miƙe tsaye ya nuna wa mai walda yadda ake cusa hannuwa a hammata ana jiran mota, yana taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna dariya shi ma yana yi. Uwarka ta dube ni na dube ta. Duk tsawon shekarun nan ko wannan ɗan ba mu taɓa samu daga bakinsa ba. A gida ya nemi ƙarin abinci, ya tsokani jariri, na ji shi yana 'yar waƙa a banɗaki. Na ce a raina yaron nan daga can ya miƙo hannu yana kwance wa ubansa abin da ya shaƙe shi. Har na yafe maka jana'izar.

Sai ranar da Malama ta juya wani shafi na ga fuskarta ta sauya. Ta yi tari, ta nemi ruwa. Sannan ta ce wai a nan ka rubuta cewa ubanka mutum ne mai ƙwazo, ya yi tafiya ya dawo, ya ba ka kwat ɗinsa ya tsare ka daga sanyi. Shafi guda cur ta gama shi da numfashi biyu, tana neman tsallakawa gaba. Yarinyar nan ba ta gaje ni ba, ƙaryarta tsirara take fitowa. Mai kemis kuwa tun ranar farko yatsansa na kan layi yana jiran ya kama ta da kuskure. Ya miƙe ya ce Malama ta yi tsallake, karatu amana ne, ba a cin amanar marubuci. Ta kira shi Baba ta roƙe shi ya zauna. Bai zauna ba. Ya gyara murya ya karanta da yaren mutanen can, wanda ka san ubanka yana ji sarai, sannan ya juya wa sauran jama'a da kansa. Na tabbata sai da ya kai tsakiya ya gane abin da ke fita daga bakinsa, amma daɗin muryarsa ya hana shi tsayawa.

Ka san abin da ka rubuta, amma bari ka ji yadda ya fito da Hausa a cikin shagon. Wai ubanka kafinta ne wanda babban yatsansa na hagu ba shi da farce. Wai ya riga ka zuwa ƙasar, ta fi ƙarfinsa. Wai a ƙarƙashin gada ya kwana, a kwandon shara na bayan kantuna ya ci, aka kama shi aka sa masa ankwa aka jefa shi jirgi. Wai kunya ce ta ɗinke masa baki, ka tashi a gidan da shiru ya turnuƙe kamar hayaƙi. Wai kwat ɗin da ya sa maka ranar tafiya warin faɗuwa yake yi, kana sauka ka tuɓe shi ka bar shi a kan bencin tasha, ka shiga sanyi da 'yar riga ɗaya, kuma wai a ranar ce ka zama mutum.

Ba wanda ya dubi fuskar ubanka. Yatsan kowa ya duba. Ina gani ya lanƙwasa shi a hankali ya rufe da sauran huɗun. Sannan ya tashi ya gode wa jama'a da zuwa, ya ce wa mai kemis karatunsa ya fita sarai, ya karɓi littattafan biyu, ya goge bangonsu da gefen rigarsa, ya sa a akwati ya kulle. Shi da kansa ya kama benci da mai walda suka jingina a bango. A gida uwarka ta zuba abinci ya ci. Abu ɗaya ya faɗa, yana wanke hannu: Allah ya sa wanda ya tsinci kwat ɗin mai jin sanyi ne.

Yanzu ka buɗe waɗannan kunnuwan, ga abin da ba ka sani ba. Ranar da muka raka ka, ka ga dai ya saɓo kwat ɗin da bai taɓa barin kowa ya taɓa ba, ya sa maka, ya ɓalla maka maɓalli har wuya kana gumi kana jin kunyar abokanka. A hanyar dawowa, cikin mota, uwarka tana kuka a gaba, ni da shi muna baya. Na ce masa to, ga ɗanka ya tafi inda ka je, ko yanzu za ka gaya wa uwarka abin da ya same ka a can. Ya ce Inna, ki yi haƙuri, ba naki ba ne. Ya ce magana ce da ba ta shiga kunnen wanda bai sha wannan sanyin ba. Ya ce zai bari ka sha naka, ka ƙoshi, ranar da ka dawo zai rufe shago ku zauna ku biyu a kan benci, ya kwance maka komai tun daga ranar da ya sauka har ranar da ya taso, kai ma ka kwance masa naka. Ya ce ba shi da gida ko gona da zai bar maka, amma wannan ya ajiye maka shi, ba wanda zai riga ka. Na ji haushi a lokacin, ni da na haife shi, ni da ba labarin da ke wuce ni a unguwa. Amma na haɗiye, na ce ai a bakinka zan ji daga baya, tun da kai ba ka iya riƙe magana.

Shi ya sa ba zan ce maka maganar gada ƙarya ce ba, ba kuma zan ce gaskiya ce ba. Ban sani ba. Uwarka ba ta sani ba. Kai ma ba ka sani ba, kuma wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Wataƙila abin da ya gani ya fi gada muni. Wataƙila kuma akwai daɗi a ciki, wani aboki, wani maigida mai kirki, wata rana da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mutumin da ya tashi yana taka rawar sanyi a gaban mai walda ba kunya kaɗai ya ɗauko daga can ba. Kai da ka hana ni barcin rana da tambayar dalilin da ya sa kaza ba ta fitsari, ka zo kan ubanka ka ƙi tambaya, ka zauna a ɗaki mai ɗumi ka cike masa gurbin da abin da ka ga dama.

Na ji saƙon muryar da ka turo wa uwarka bayan Malama ta gaya maka. Ta kunna mini har sau biyu. Wai ƙagaggen labari ne, wai ba ka ambaci sunan kowa ba, wai masu buga littafi sun ce sai an ƙara duhu a wajen uban kafin hasken ɗan ya fito, wai ba ka zaci za a karanta shi a nan ba. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni dariya. To da ka aiko shi, matashin kai ka ɗauka za mu yi da shi? Kuma kada ka koya mini ƙaga labari, a cinyata ka fara jin sa. Ni maƙaryaciya ce tun kafin a haifi ubanka. Na sa kura ta yi aure, na sa zomo ya yi alƙalanci, na gaya maka guntun haƙorina kada ne ya cire. Amma kurata ba ta da shago a bakin titi, zomona ba ya fita sallar asuba ya haɗu da maƙwabta. In kuma na gama nakan ce muku ƙarya ce ku je ku kwanta. Kai ka ɗauko yatsan ubanka na gaskiya ka liƙa a jikin ƙaryarka, ka manna hotonka a baya don kada wani ya yi shakka. Ni ka kashe ni ka canza mini hali, ba wanda ya gane ni, na tsira. Shi ka bar shi da rai ka bar masa yatsa.

Malama ta ce mutanen can sun yaba, har sun kira ka taro kun zauna a kan kujeru masu laushi ana tafa maka, wata ma ta tashi ta ce babin kwat ne ya sa ta hawaye. Allah ya ba ta lada. Ina so in san ko ita ce mai janye jaka a jirgin ƙasa. Ga alama mutanen nan sun fi son baƙo a cikin takarda, inda za su yi masa kuka su rufe shi su ajiye a kan kanta, a kan baƙon da zai zauna kusa da su. Kai ka faɗa da kanka, mun ji, mun kuma tausaya maka. Sun gutsure maka suna ka ji ciwo har ka rubuta shafuka a kai. To kai me ka yi wa ubanka? Ka gutsure shi ka bar musu rabin da zai yi musu daɗin tauna.

Ga yadda muke yanzu. Ubanka ba ya kwance, kada ka tsorata. Yana buɗe shago, yana aiki, yana cin abinci, yana shan maganin hawan jininsa in uwarka ta tsaya a kansa. Da mutane dariya suke yi masa da ya fi sauƙi. Tausayi suke yi masa. Tela yakan tsallako titi ya gaishe shi da wata irin murya ta gidan makoki. Mai walda ya daina tsokanarsa. Mai kemis ya zo ba da haƙuri, ya fita ya ci gaba da ba masu sayen magani labarin gada, har ya ƙara mata kogi a ƙasa. Ubanka kuwa in zai auna katako a gaban mutum sai ya juya hannu yadda yatsan ba zai fito ba. Na so ya fasa akwatin nan, na so ya zage ka, in samu abin da zan ba shi haƙuri a kai. Bai yi ba. Kullum da safe yana goge gilashin. In baƙo ya tambaya sai ya ce ɗana ne ya rubuta.

Da na ga abin ya ƙi wucewa, na tafi shagon da sandata na zauna a kan guntun katako. Na yi masa duk dabarun da na iya, na ce ni gawa ce, gawa kuwa ba ta yawo da magana, ya gaya mini kawai. Ya yi ɗan murmushi. Na ce to in ba ni ba, yaron fa, in ya dawo? Bai ɗago daga aikinsa ba. Ya ce ai an riga an rubuta, Inna, kuma wanda ya fi shi sanin baƙi ne ya rubuta, guda ɗaya ya isa. Wannan ce maganar da ta sa na nemi takarda da biro. Shekaru yana riƙe da abu dominka, yanzu ya yanke shawarar ya wuce da shi. Ni na tsufa, shi ma ba yaro ba ne, ban san wanda zai raka wani ba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba, ni matarka ce ta fari. Kada ka aiko masa da sabuwar waya, kada ka aiko da wani kwat, kada ka rubuto doguwar ban haƙuri mai daɗin karatu, mun ga abin da daɗin karatunka yake yi. Kada kuma ka ce za ka gyara a littafi na biyu. Ka zo. In zuwa ba zai yiwu da wuri ba, ka kira shi lokacin da yake shago shi kaɗai, amma zuwan ya fi. Ka bar biro da abin ɗaukar murya a gida. Ka zauna a kan benci ka ce Baba, me ya sa ka dawo. Zai ce ya wuce. Ka sake tambaya. Zai ɗauki guduma ya yi ta buga ƙusar da ta riga ta shige. Ka jira ya gama ka sake tambaya, yadda kake yi mini har in jefe ka da takalmi. Ban yi maka alkawarin zai buɗe baki ba. Wataƙila ka makara. Amma in ya buɗe, abin da ka ji naka ne da shi, ba na masu kujeru masu laushi ba. Ni ma na haƙura da rabona, ka ga kuwa abin ya kai inda ya kai.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ba ta fushi, ni kuma ina gaya maka tana yi. Ƙanwarka da mai manyan kunnuwa suna gaisuwa. Baffanka yana gaisuwa. Malama ta ce a gaishe ka, ta kuma ce daga yau ko takardar magani aka ba ta sai ta karanta a gida tukuna. Ubanka ya san ina rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce a ce maka ka riƙa rufe ƙirjinka in za ka fita. Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka sumbaci 'yar ƙaramar a goshi, ka gaya mata tana da kakar uba a raye, mai surutu, kada ta yarda da abin da za ta karanta. Allah ya yi muku albarka, ya shirye ka, ya kawo ka da ƙafafunka tun ana iya zama a kan benci.

Ni ce kakarka, marigayiya mai shiru da haƙuri, wadda har yanzu ake jin muryarta daga bakin titi.

Na san ba ka gano ba, kuma garinka ka riƙe abinka. Kayan nan labarin ubanka ne. Kai aka ajiye wa, kai ka sace, kuma yana nan a ƙirjinsa a ƙulle.